A Ba Yaro Tsintsiya Kafin A Ba Shi Zomo

Da zarar makarantu sun tafi dogon hutu, gidajen namun daji da dama a duniya kan buɗe wani shiri na jeka-ka-dawo. Iyaye su kawo yaro da safe, ya wuni tare da masu kula da dabbobi, da yamma a zo a ɗauke shi, haka har mako guda ko biyu. Tallan shirin kusan iri ɗaya ne ko'ina: yarinya rungume da zomo, yaro yana miƙa wa raƙumin dawa ganye, kowa baki har kunne. Ina goyon bayan wannan sansani da zuciya ɗaya. Sai dai amfaninsa na gaskiya yana can bayan keji, wurin da ake jingine tsintsiya da shebur da baro, inda wari yake, inda mai ɗaukar hoto ba ya leƙawa. Sansanin da ya hana yaro shiga can ya tauye shi, ko da an cika masa waya da hotuna.

Duk wanda ya san aikin zai faɗa maka cewa wasa da dabba shi ne mafi ƙanƙantar abin da mai kula da ita yake yi. Yawancin wuninsa shara ce, da wanke kwanon ruwa, da kwashe kashi, da yanka abinci ana ɗorawa a sikeli. Babbar giwa tana iya cin ganye da ciyawa har kilo 150 a rana, kuma abin da ya shiga sai ya fita, wani ne zai tura shi a baro. Kafin ya taɓa tsintsiyar ma, yakan tsaya ya duba. Ya ƙirga dabbobin. Wa ya cinye abincin jiya, wa ya bari? Kashin nan ya yi ruwa ko ya bushe fiye da kullum? Me ya sa wannan akuyar ta ware kanta, ba ta tuƙa? Akwai dalilin wannan bin diddigi. Dabbar da ake farauta a daji takan ɓoye ciwonta, domin mai rauni shi kura da zaki suke fara zaɓa, kuma halin bai bar ta ba don an kawo ta keji. Kafin ta kwanta a fili, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, likitocin dabbobi suna ɗaukarsa a matsayin mai bukatar taimakon gaggawa, don hanjinsa na iya tsayawa cak. Yaron da ya share ɗakin zomon da hannunsa shi ne zai fara lura cewa yau kashin ya ragu.

Darasin da ya fi burge ni a irin wannan sansani ba ya bukatar kayan aiki. A ba yaro littafi da fensir, a zaunar da shi gaban kejin birai, a ce ya zaɓi biri ɗaya, duk bayan minti guda ya rubuta abin da yake yi. Minti biyar na farko yaro zai yi ta mutsu-mutsu, ya ce ai ba abin da birin yake yi. Can sai idonsa ya buɗe. Ya ga cewa wannan ƙaramar ba ta zuwa wajen abinci sai babban ya tashi, ya ga wa yake yi wa wa tsifar gashi, ya ga uwa tana jawo ɗanta da wutsiya duk lokacin da ya matsa kusa da wayar keji. Da haka masana halayyar dabbobi suke tara iliminsu, ba wani sirri. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to dabba ba ta da bakin kai ƙara, sai kunne da wutsiya da yanayin tsayuwa. Yaron da ya koyi karanta waɗannan ya koyi haƙuri da nutsuwa, a zamanin da komai a waya yake wucewa cikin daƙiƙa kaɗan.

Akwai ma'aunin da ya kamata kowane yaro ya fita da shi daga sansanin. A 1965 wani kwamiti a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Rogers Brambell ya binciki halin da dabbobin gona suke ciki, daga rahotonsa kuma aka fitar da 'yanci guda biyar, waɗanda aka tsara su sosai a 1979: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, kada ta rasa wurin hutawa mai kyau, a kare ta daga ciwo da rauni, kada ta rayu cikin tsoro, sannan ta samu damar yin halinta na asali. Huɗun farko kowa yana fahimta. Na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma shi ne aka fi takewa. Zakin da ya ƙoshi, ba ya ciwo, amma yana ta kai-komo a layi ɗaya har ya yi hanya a ƙasa, ba lafiya gare shi ba. Zaman banza ne ya taɓa shi. A daji dabba takan ɓata yawancin lokacinta wajen neman abinci, a keji kuwa an ajiye mata a kwano ta cinye cikin minti goma, sauran wunin fa?

Nan ne yara suke da abin bayarwa na gaske. Su huda kwali su ɓoye 'ya'yan itace a ciki, su daskarar da abinci cikin ƙanƙara, su watsa ƙwaya cikin busasshiyar ciyawa don tsuntsu ya yi tono, su rataya ganye sama yadda sai dabba ta miƙe kafin ta kai. Sannan su koma gefe su kalli yadda biri zai juya kwalin, ya girgiza shi, ya yage shi. Farin cikin da ke fuskar yaro a wannan lokaci ya sha bamban da na hoton talla, domin wannan karon shi ne ya yi wa dabbar wani abu.

Batun taɓawa kuwa, ba na cewa a hana. Ina cewa a koyar. Zomo yana da ƙarfin ƙafafun baya fiye da abin da ƙashin bayansa zai iya jurewa. In aka ɗaga shi sama ƙafafun suna reto, ya yi harbi da ƙarfi, yana iya karya bayansa. Don haka yaro ya zauna a ƙasa tukuna, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, a jingina zomon a jiki, kuma ba a ɗaga shi ta kunne ko kusa. Ƙoƙon kunkuru ma wani sashe ne na jikinsa, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, yana jin duk ƙwanƙwasar da yara suke yi masa. Heini Hediger, masanin nan ɗan Suwizalan da ya shugabanci gidan namun daji na Zurich, ya daɗe da bayyana cewa kowace dabba tana da tazarar da in ka ƙetare za ta gudu, in ba ta samu wurin gudu ba sai ta kare kanta. Sansani mai kyau yakan bar wa dabba ƙofar tafiya. In akuya ta juya baya ta shige ɗakinta, shi ke nan, ba a bin ta. A ganina wannan tarbiyya ce da ta wuce batun dabbobi: yaro ya gane cewa sonsa da abu bai ba shi iko da jikin abin ba.

Ya kamata ma a nuna wa yara yadda aikin ya sauya. A gidajen da suka ci gaba, ana horar da dabba da 'yar sanda mai ƙwallo a kai da kuma lada na abinci, har giwa ta miƙo ƙafa ta wata taga a gyara mata farce, ko damisa ta jingina da waya a ɗebi jini ta wutsiya, ba duka, ba allurar barci, mai kula da ita kuma yana bayan shinge.

To amma akwai masu cewa duk wannan ado ne, gidan namun daji kurkuku ne, sansanin kuma yana koya wa yaro ganin keji a matsayin abin da ba komai. Ban raina wannan magana ba, kuma tarihi yana ba ta ƙarfi. Gidan Schönbrunn na birnin Biyana, wanda ya fi kowane daɗewa cikin masu aiki har yau, an kafa shi a 1752 don nishaɗin gidan sarauta. Ko lokacin da Carl Hagenbeck, wani Bajamushe mai cinikin namun daji, ya buɗe nasa a Hamburg a 1907, ya maye sandunan ƙarfe da ramuka, idon ɗan kallo ya fi amfana da sauyin. Akwai kuma dabbobin da gidajen da kansu suka yarda ba za su iya riƙe su yadda ya dace ba. Gidan namun daji na Landan ya kwashe giwayensa zuwa gidan namun daji na Whipsnade mai faɗin fili a 2001, na Detroit a Amurka kuma ya sallami nasa zuwa wata mafaka a 2005.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne. Mariri mai lanƙwasasshen ƙaho, wanda a da yake yawo a gefen Sahara, an ayyana shi a matsayin wanda ya ƙare a daji a shekarar 2000. Waɗanda aka riƙe a killace su ne aka hayayyafa, aka fara mayar da su ƙasar Chadi a 2016, har a 2023 aka fitar da shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Babbar ungulun Kalifoniya ta ragu zuwa 27 kacal a 1987, aka kame sauran da ke daji aka haɗa su duka a gidajen San Diego da Los Angeles, inda ake ciyar da 'yan tsakin da safar hannu mai siffar kan uwarsu don kada su saba da mutum. Yau ɗaruruwa ne, da yawa suna shawagi a sama. Abin da nake so shi ne a ajiye wa yara duka biyun a gabansu. Yaro ɗan shekara goma zai tambaya, "Malam, me ya sa ba za a sake shi ba?" Kada a rufe masa baki da alewar magana. A faɗa masa cewa zakin da aka haifa a keji bai iya farauta ba, cewa dajin kakanninsa wataƙila ya zama gona, kuma cewa akwai mutanen kirki da suke ganin bai kamata a riƙe shi ba tun farko. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ya riga ya nuna mana nauyin da ke kan duk wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai.

Kuma ba duk inda aka jera keji ne ya cancanci a kai masa yaro ba. Wurin da ake miƙa ɗan zaki daga hannu zuwa hannu don hoto, a guje shi. Ba a samun wannan sai an raba jariri da uwarsa, in ya girma ya fi ƙarfin runguma kuma sai ya zama kaya. Amurka ta haramta irin wannan cuɗanya da 'ya'yan zaki da damisa a ƙarshen 2022.

Iyaye sun fi tsoron haƙori da farce, alhali haɗarin da ya fi kusa ido ba ya ganinsa. A 2009 mutum 93, yawancinsu ƙananan yara, suka kamu da ƙwayar cutar E. coli bayan ziyarar wata gonar shafa dabbobi a yankin Surrey na Ingila, wasu har ƙodarsu ta taɓu. Kunkuru da ƙadangare da maciji kan ɗauki ƙwayar Salmonella ba tare da sun nuna alama ba, shi ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975, kuma ake ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya riƙa taɓa su. Maganin mai sauƙi ne: sabulu da ruwa mai gudu bayan kowace taɓawa, wurin cin abinci nesa da dabbobi, takalmin aiki daban. Uwa ko uba ya tambayi inda famfo yake, da yara nawa ke hannun malami ɗaya, kafin ya tambayi ko akwai zaki. Sakaci da shinge kuma dabba ce takan biya. A 2016 yaro ɗan shekara uku ya faɗa cikin kejin goggon biri a birnin Cincinnati na Amurka, aka harbe birin don a ceci yaron.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda shirin yake neman zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Ba dole sai da giwa ba. Awaki, kaji, zomaye da kunkuru guda sun isa a koyar da duk abin da na ambata, in dai akwai malamin da ya san aikin kuma yana ƙaunarsa. Gidajen da suke karɓar kuɗin sansani su ware gurabe kyauta, domin yaron da zai zama likitan dabbobi ko mai gadin gandun daji gobe ba lallai ne ubansa ya iya biya yau ba.

Sai ranar ƙarshe, wadda masu shirya sansani suka fi sakaci da ita. Yaro zai koma gida da zumuɗi, ya dami iyaye sai an saya masa dabba, kuma sau da yawa idonsa kan aku yake ko ɗan biri. A tara iyayen a ranar, a yi musu bayani ƙarara. Aku mai launin toka yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye, wato zai ga auren yaron har da 'ya'yansa, kuma kaɗaici kan sa ya fige gashin jikinsa da bakinsa. Kamun da ake yi masa a daji ya yi yawa har ƙasashen duniya suka amince a 2016 a hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ɗan birin da ake tallarsa kuwa, galibi sai an kashe uwar kafin a ɓanɓare shi daga jikinta. In yaro ya nace, a fara shi da abin da gidan zai iya riƙewa, a rubuta wa zai ba da ruwa da safe, wa zai share, wa zai kai wa likita, kuma wa zai ci gaba da yi in an koma makaranta.