Mafarkin Jarrabawa Da Littafin Bashin Mai Shayi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Shekara goma ke nan da na bar jami'a, amma har yanzu wani mafarki bai bar ni ba. Sai in gan ni a zauren jarrabawa, an raba takardu, kowa ya duƙufa yana rubutu, ni kuwa ko sunan kwas ɗin ban sani ba. Wani lokacin babu biro, wani lokacin babu takalmi a ƙafata. Na san da yawanku kuna irinsa.

Na makon jiya ne ya sha bamban. Mai sa ido a zauren ba malami ba ne, mai shayin bakin hostal ɗinmu ne, da tsohuwar hularsa. Takardar da ya miƙo mini kuwa littafin bashinsa ce, sunana a sama. Na farka zufa ta jiƙa ni.

Kafin wani ya ce in nemi mai fassara, mu tuna abin da Manzon Allah (SAW) ya koyar. A hadisin Bukhari da Muslim, mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ke saƙawa a ransa sai ya gan shi a barci. Wanda ya ga abin ƙi ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya, kada ya ba kowa labari. Akwai baƙauyen da ya zo ya ce ya ga an sare kansa yana bin kan da gudu, Annabi ya hana shi bayar da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi. Ko mafarkin alheri ma, Annabi Yaƙub ya ce wa Yusuf kada ya faɗa wa 'yan uwansa. Mu kuwa yau ko asuba ba a yi ba an zuba shi a Facebook ana neman fassara a wajen duk wanda ya ga dama.

To ni me ya sa na faɗi nawa? Domin ba ya buƙatar fassara. Zancen zuci ne tsagwaronsa, bashin nan gaskiya ne.

Bayan yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ya ci kusan wata shida, mun koma makaranta aljihu wayam. Bawan Allahn nan shi ya riƙe mu. Shayi, burodi, Indomie da ƙwai in an samu sarari. "Baba, rubuta," shi ke nan, sai ya rubuta. Bai taɓa tsare ni a gaban abokai ba. Ranar da na gama jarrabawar ƙarshe aka yi ta murna ana rubuce-rubuce a jikin riguna, na ɗauki jakata na bi ta ɗaya ƙofar don kada mu haɗu. Na ce in na fara karɓar alawus na bautar ƙasa zan aiko. Aka yi bautar ƙasa, aka sami aiki, aka yi aure. Kuɗin ba su fi na man mota na kwana biyu ba a yanzu.

Idan muka zauna hirar makaranta, lakcar ƙarfe bakwai muke tunawa, da layin ɗiban ruwa, da karatun dare a aji. Ba mai tuna littafin laburare da ya tafi da shi gida, ko tukunyar abokin ɗaki, ko amsar da ya leƙa ya samu sakamakon da yake cin abinci da shi yau, ko yarinyar da ya yi wa alkawarin aure alhali ya san ƙarya yake. Mun sa musu suna ƙuruciya. Alhali duk mun balaga a lokacin, alƙalami yana rubutu.

Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Shahidi fa! Bukhari kuma ya kawo umarnin cewa duk wanda ya san akwai haƙƙin ɗan uwansa a kansa ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi ladansa a biya.

Ranar Asabar na shiga mota na koma. Wurin ya canza, an gina shaguna inda teburinsa yake. Wani mai wankin hula ya ce Baba ya koma garinsu shekara huɗu da suka wuce, ƙafa ta matsa masa, amma ɗansa yana sayar da shayi a tasha. Na same shi, ya kira mini tsohon a waya. Na faɗi sunana, bai gane ni ba. Na ce akwai kuɗinsa a wajena, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ku da yawa ne."

Na tura masa, na roƙe shi gafara, ya yafe har da sa albarka. Ɗan ya ce littafin yana nan a cikin akwatin tsohon, bai yar ba. 'Yan ajinmu da ke karanta wannan, lambar ɗan tana wajena.