Ga matashin da ke son shugabantar ƙungiyar agaji

Tun da rikicin Boko Haram ya jawo manyan ƙungiyoyin agaji na duniya zuwa Maiduguri, matasa da yawa suka ɗora idonsu kan albashi mai tsoka da farar mota mai tambari. Ban ga laifin mai neman na kansa ba, amma duk wanda yake son ya kai matsayin manaja a wannan fanni, ya sani cewa riƙon amanar kuɗin jama'a ne zai zaunar da shi a kujerar.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya kuma aka rufe USAID, hukumar Amurka mai raba wannan tallafi. Ma'aikata da dama a Borno da Yobe da Adamawa suka wayi gari babu kwantiragi, kuma abin ya fi yi wa ƙananan ƙungiyoyinmu na gida illa, domin da dama daga cikinsu da mai ba da tallafi guda ɗaya suka dogara.

Saboda haka nake roƙon ƙannenmu su koyi aikin da kowa ke gudu. Ka iya tsara kasafin kuɗi, ka iya ajiye rasit, ka iya rubuta rahoton da mai binciken kuɗi zai karanta bai ɗaga gira ba. Ka san yadda ake yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da yadda ake samun takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda banki ke nema. Kafin wannan duka, ka yi aikin fili, ka zauna da mai unguwa da liman da matan da ake rubuta sunayensu a jerin masu karɓar tallafi, domin manajan da bai taɓa tsayawa a layin rabon abinci ba zai riƙa yanke hukunci a kan mutanen da bai sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka raina kuɗin gida. Muna da zakka, muna da wakafi, muna da attajirai masu son bayarwa idan sun ga gaskiya. FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tun 1985 take aiki, tana tafiyar da makarantu da asibitoci, Sakkwato kuma tana da hukumar zakka da wakafi. Irin waɗannan wurare suna buƙatar ƙwararrun manajoji, kuma ina ganin can ya kamata masu digirinmu su fara kai takardunsu.