Yaƙin Salibiyya na Talakawa: Laifin Wa Ne a 1096?

Lokacin da Fafaroma Urban na Biyu ya yi wa'azinsa a garin Clermont na ƙasar Faransa cikin Nuwamba 1095, barade masu dawaki da sulke yake nema, har ya tsayar musu da 15 ga Agusta 1096 a matsayin ranar tashi zuwa Ƙudus don ƙwato ta daga hannun Musulmi. Sai dai kiran ya faɗa a kunnen manoman da suka sha fama da fari da yunwa, ga kuma alkawarin gafarar zunubi ga duk wanda ya fita. Wani mai wa'azi daga Amiens, Bitrus mai halwa, ya riƙa bin ƙauyuka a kan jaki, kuma tun cikin Afrilu ya kwashi dubban maza da mata da yara ya nufi gabas.

An saba ɗora wa waɗannan talakawa alhakin duk ta'asar da ta biyo baya, a ganina kuwa hukuncin bai cika adalci ba. Kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a garin Mainz na ƙasar Jamus ta yau cikin Mayu 1096, basarake Emicho ne ya jagorance shi, wani mai suna Walter da ya ja ayarin farko shi ma barde ne. Waɗanda suka zuga jama'a ba su tanadar musu guzuri ba, shi ya sa wawashe dukiya ya ɓarke a kan hanya, a Zemun da Belgrade da ke ƙasar Sabiya ta yau. Wannan ba ya wanke hannun manomin da ya ɗauki wuƙa, kuma ban yarda yunwa ce kaɗai ta fitar da shi ba, domin mutumin da ya sayar da ɗan abin da ya mallaka don tafiyar da ba lallai ya dawo ba, ya yi imani da abin da aka gaya masa daga kan mumbari.

Sarkin Rumawa Alexios ya tsallakar da talakawan daga birninsa Ƙusɗanɗiniya (Istanbul ta yau) zuwa Asiya cikin Agusta, sannan a ranar 21 ga Oktoba dakarun Sarkin Turkawa Kilij Arslan suka yi musu kwanton ɓauna kusa da sansaninsu na Civetot, suka hallaka mafi yawansu. Bitrus yana birnin Ƙusɗanɗiniya a ranar, ya tsira, har ya isa Ƙudus a 1099.

Shugabannin coci ba su daina irin wannan wa'azi ba, sai dai suka so kuɗin talaka fiye da tafiyarsa. Saboda haka gangamin ya sake tashi a 1212 da 1251 da 1320, kuma a na ƙarshen Yahudawan kudancin Faransa ne aka sake far wa.