Wa zai raka ta ranar Talata?

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Makon da aka fara kwantar da ƙanwata a asibiti nan Garwa, sai da mai gadi ya riƙa mayar da mutane daga bakin ƙofa. Kwanukan abinci sun cika ƙarƙashin gado, wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo lemo, Kawu ya taso tun daga Marwa a motar asuba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ban manta da ko mutum ɗaya ba. Yau shekara uku ke nan. Talatar da ta wuce ni da ita kaɗai muka je wankin ƙoda, muka dawo, har aka yi isha'i ba wanda ya buga waya ya ce ya jiki. Ba ƙorafi ya kawo ni ba, don ni ma ina cikin waɗanda suka gaji.

Ciwon nata sunansa lufus. Garkuwar jiki, wadda Allah ya halitta don ta kare mutum daga cuta, ita ce ke rikicewa ta juya kan mai ita. Takan taɓa fata, gaɓoɓi, jini, wani lokaci har zuciya da huhu. A wurin ƙanwata ƙoda ta kama har ta daina aiki. Cikin mutum goma masu wannan ciwo kusan tara mata ne, kuma yawanci a shekarun haihuwa yake bayyana. Ba a ɗaukarsa. Na sake faɗa saboda Goggo da ta taɓa ware mata kofi da cokali: ba a ɗauka, ko a kwano, ko a shimfiɗa, ko a numfashi. Ba a kuma kai ga maganin da zai raba mutum da shi gaba ɗaya ba, ana dai kwantar da shi ne, ya lafa, ya taso.

Wannan lafawa da tasowa ita ta fi jawo mata baƙar magana. Yau ka gan ta ta yi wanka ta sa kwalli tana dariya, gobe yatsunta ba za su iya buɗe murfin kwalba ba. Maganin da take sha ya kumbura mata fuska, sai mata a gidan suna su ce, "Ma sha Allah, kin yi ƙiba, ai kin warke." Da ta ba da baya kuma a ce son jiki ne. Ku ji tsoron Allah da harshenku. Wanda bai taɓa ganin gashin da take tsincewa daga matashin kai da safe ba, ya yi shiru ya fi masa.

Kun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. To a cikin wannan zafin likita ya ƙayyade mata ruwan da za ta sha a yini, domin ƙodar ba ta fitar da shi, abin da ya wuce kima taruwa zai yi a ƙafa da huhu. Tana da gora ɗaya da aka ja wa layi da biro. Kunu a cikin lissafin yake, shayi ma haka, har ruwan tofi. Idan ƙishi ya matsa mata sai ta ɗauki ɗan ƙaramin ƙanƙara ta sa a baki tana tsotsa a hankali kamar alewa. Ranar ma kanta tana tayar da ciwon, shi ya sa ba ta fita sai da lema.

Ga nawa laifin. Wata Juma'a ina shago, kasuwa ta buɗe, ta kira ni in zo in ɗauke ta daga asibiti. Na ce mata, "Haba, kullum ni ne?" Ba ta ce komai ba sai "To Yaya, yi haƙuri." Ta hau babur ita kaɗai bayan ta yi awa huɗu a jikin na'ura, jiri na ɗibarta. Da na koma gida na same ta zaune a kan dakali, ta kasa ƙarasawa ɗaki, ta dafe hannun da aka haɗa mata jijiya, auduga ta jiƙe da jini. Ita ke ba ni haƙuri. Daren nan ban yi barci ba, hadisin ƙudusin nan na Sahihu Muslim yana ta yi mini yawo a kai, inda Allah zai ce ranar alƙiyama: ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Bawa ya ce ta yaya, alhali kai ne Ubangijin talikai? Ya ce bawana wane ya yi rashin lafiya ba ka je ba, da ka je da ka same ni a wurinsa. Cinikin nawa na yi a wannan awar? Wallahi ban iya tunawa.

Mun iya taron kwana uku, wannan ba a fi mu ba. Abin da ke ba mu wuya shi ne shekara uku. Alhali Manzon Allah (SAW) ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Malaman tafsiri sun ambata cewa da jinyar Annabi Ayuba (AS) ta yi tsawo mutane sun watse, matarsa ce ta tsaya. Muna yawan ba majinyaci labarin haƙurin Ayuba, ba mu cika tambayar kanmu wa zai tsaya a matsayin matar ba.

Kuɗin wanki ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Da sefa 5,000 ake biya kowane zama, daga 2023 gwamnati ta mayar da shi sefa 15,000 a shekara. Sai wasu dangi suka ɗauka shi ke nan an huta. Kuɗin babur fa, sau biyu a mako? Gwajin jini, allurar ƙarin jini, magungunan lufus ɗin kansa, ciki har da ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓi, wanda ba a so a tsallake? Sefa 2,000 da za ka tura ta Orange Money kowane ƙarshen wata ba fashi ta fi mana 50,000 da aka bayar sau ɗaya a gaban jama'a.

Inna kuma ta koya mana wani abu. Da farko tukunya biyu take ɗorawa, tamu da ta majinyaciya, wadda ba magi, ba kanwa, gishiri ɗan kaɗan. Da ta lura yarinyar na cin nata a ɓoye cikin ɗaki tana jin ƙamshin namu, sai ta haɗe tukunyar. Wanda ke son gishiri ya barbaɗa a kwanonsa. Mun yi gunaguni sati biyu, muka saba.

Masu kawo jiƙe-jiƙe da saiwoyi, mun san ƙauna ce, amma ku bari. Ƙodar da ba ta tacewa ba ta da inda za ta kai su. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a faranti. Addu'a kuwa ku yawaita, ku zo ku karanta mata abin da Annabi (SAW) ke faɗa wa marar lafiya: "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah." Kada dai a ce mata ta bar asibiti don wai jifa ne.

Saura maganar dashe, inda na fi ganin zumunci na tsagewa. Tun watan Nuwamba na 2021 aka fara dashen ƙoda a Babban Asibitin Yawunde, ke nan ba dole sai Indiya ba. Ta fuskar shari'a, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta mai rai ya ba da gaɓar da rashinta ba zai halaka shi ba, da yardarsa, ta kuma hana sayarwa. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 32, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Amma ku riƙe kalmar nan, da yardarsa. Ranar da muka yi taron gida, ana ambatar ƙoda duk ido ya koma kan autanmu, yaron da bai yi aure ba, kamar shi ba shi da tsoro. Wannan tilas ne da aka sa wa rigar kunya. Wanda ya ji ba zai iya ba, bai yi zunubi ba, kada a canza masa fuska. Likitoci ma ba sa karɓar kowa: sai jini ya dace, sai an tabbatar ba ciwon sukari, ƙodojinsa biyu lafiya lau. Ni na je, hawan jini ya fitar da ni. Wanda kuma Allah ya ba ikon bayarwa, ya karanta Baƙara aya ta 264 kafin ya kwanta a gadon tiyata: kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. Kada wata rana a yi saɓani a kan gado ko aure ya ce ai da ƙodata kike yawo.

Ko an samu mai bayarwa ma sai likitoci sun ga lufus ɗin ya lafa na wasu watanni. Bayan dashe kuma akwai maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, wanda za ta sha muddin ƙodar na jikinta. Akwai motar Ngaundare, akwai jirgin ƙasan dare zuwa Yawunde, akwai wanda zai bar sana'arsa ya zauna da ita can. Duk wannan yana gaba.

Yanzu dai mun manna takarda a bangon zaure, an ja layi, Talata da Juma'a, kowa ya rubuta ranar da zai raka ta. Ɗan Goggo ya ɗauki Juma'a biyu a wata, Allah ya yi masa albarka. Layin Talata mai zuwa har yanzu ba suna. Ana idar da sallar asuba ake tashi daga gida.