Tek ta samu yabo, amma wa ke karanta sanarwar ofishin rajista?

A shekarar 2023, lokacin da mujallar Times Higher Education ta Ingila ta sanya Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda mu mutanen Kumasi muke kira Tek, a matsayi na ɗaya a duniya ta fuskar ingantaccen ilimi, labarin ya game zaurukan WhatsApp na Aboabo da Asawase da Sabon Zango tun kafin rana ta faɗi. Ban ga laifin murnar ba, domin makarantar da ta buɗe a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1961, ta isa a yi alfahari da ita. Damuwata ita ce sanarwar da ke fitowa daga ofishin rajista da ofishin kuɗi, wadda da ita ake sanin ko yaro zai zauna jarrabawa ko zai tattara kayansa ya dawo gida, ba ta samun wanda zai tura ta ko da ga maƙwabcinsa.

Ya kamata mu fahimci abin da aka yaba. Ba a ce Tek ta fi kowace jami'a ta duniya a komai ba. An auna ta ne bisa muradi na huɗu, wato na ingantaccen ilimi, daga cikin muradai 17 na ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai yawan ɗaliban da su ne na farko a gidajensu da suka taka jami'a. Waɗannan kuwa ai 'ya'yanmu ne: ɗiyar mai waake, ɗan mahauci, ɗan direban tirotiro (motar haya), da yaran manoman Arewacin Ghana. Sai dai ma'aunin yana ƙirga waɗanda suka shiga ne, bai bi su ya ga ko sun kai ranar yaye ɗalibai ba, kuma a tsakanin shiga da fita ne muke yin asara.

Duk wanda ke da ɗa a Tek yana tune da watan Afrilun 2022, lokacin da hukumar jami'ar ta ɗage karatun ɗalibai fiye da 6,000 saboda ba su biya kashi 70 cikin ɗari na kuɗin makaranta a kan lokaci ba. Hukumar ta ce wasu yaran sun karɓi kuɗin a gida sun zuba a cacar ƙwallo da wasu harkokin, kuma ban musa ba, domin mun san halin samarinmu. Amma me ya sa uban da ya ba da kuɗin shi ne na ƙarshe da ya ji labari? Sanarwa tana fita da Turanci, a shafin ɗalibi na intanet da kuma wayar ɗalibin, alhali mai biyan kuɗin yana kasuwar Kejetiya yana fama da ciniki, ba shi da hanyar sanin cewa wa'adi ya ƙare. Yaro mai gaskiya wanda kuɗinsa bai cika ba yakan ji nauyin faɗa wa iyayensa, marar gaskiya kuwa ya ci gaba da fita da jaka kowace safiya kamar mai zuwa lacca.

Akwai kuma batun amincewar hukuma da kwasa-kwasai. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa na shekarar 2021 ya nuna cewa ɗaruruwan kwasa-kwasai a Tek da Jami'ar Ghana da ke Legon ba su da takardar amincewa mai aiki. Jami'o'in sun yi bayanin cewa da yawa daga ciki sabuntawa suke jira a hannun GTEC, hukumar da aka kafa a 2020 don kula da manyan makarantu. Idan manyan jami'o'in gwamnati sun iya samun irin wannan giɓi, wanda zai kai ɗansa ƙaramar jami'a mai zaman kanta ya wajaba ya bincika kafin ya sayi fom.

Masauki ya fi komai cin rai. Tun da ɗaliban farko na shirin sakandare kyauta, wanda aka fara a 2017, suka kammala a 2020, ɗakunan kwana na cikin jami'a suka kasa ɗaukar jama'a, masu gidajen haya a Ayeduase da Kotei da Bomso kuma suka samu kasuwa, har kuɗin gado a wasu gidajen ya zarce kuɗin karatun kansa. Matakin da gwamnati ta ɗauka a 2025 na ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu ya rage nauyi ƙwarai, amma bai shafi gado ba, kuma shekara ta biyu tana nan tafe. Rancen ɗalibai ma yanzu ana nemansa da katin ɗan ƙasa ba tare da mai tsayawa ba, sai dai gidaje da dama suna gudunsa saboda ruwan da ke kansa, kuma ina roƙon malamanmu su zauna su yi wa jama'a bayani a fili, su daina barin kowane uba da fatawar kansa.

Farfesa Rita Akosua Dickson, wadda ta zama mace ta farko da ta shugabanci Tek a 2020, ta nuna cewa al'adar jami'a tana iya sauyawa, don haka ba abu ne mai wuya ba hukumar ta riƙa karɓar lambar wayar mai biyan kuɗi tun ranar rajista, ta aika masa saƙo kafin wa'adi ya cika. Namu aikin ya fi wannan sauƙi. Kowace Juma'a ana sanar da ɗaurin aure da suna da addu'ar mamaci a masallatanmu, ana kuma maimaitawa a gidajen rediyon da ke magana da Hausa. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA reshen Tek tana iya miƙa wa limamai da sarakunan Zango ranakun rufe rajista da na biyan kuɗi a farkon kowane zangon karatu, a karanta su tare da sauran sanarwa, iyaye kuma su nemi ganin rasidin banki da idonsu.