Kabon ya toshe EGR, su kuma sai a sauke inji!

Wallahi abin da ake yi wa masu motocin dizal a wasu garejojinmu ya isa haka. Mota ta daina ja, tana tuƙuƙin baƙin hayaki, tana karkarwa a silo. Bakanike ko murfin inji bai gama ɗagawa ba sai ya ce ringi ya mutu, a sauke inji. Alhali sau da yawa ciwon bai wuce bawul ɗin EGR da kabon ya cushe ba.

Aikin wannan bawul shi ne ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin salansa ya mayar cikin inji, don zafin ƙonewar mai ya ragu, iskar NOx mai lalata huhu ta yi ƙasa. To hayaƙin dizal da toka yake tafe. A cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, sai tokar ta haɗu da tururin baƙin mai da ke fitowa ta bututun numfashin inji, su zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalta, shi ne kabon ɗin. Kwance manifol ɗin Hilux mai injin 2KD ko Golf TDI da ta sha hanya ka gani: ramin da ya kamata yatsu uku su shige, da ƙyar ɗan yatsa ɗaya zai ratsa. Ta ina iska za ta wuce?

Kuma namu ya fi muni. Motocin nan 'yan Kwatano an ƙera su ne don man Turai, wanda tun 2009 sulfa a cikinsa bai wuce 10 cikin miliyan ba. Mu kuwa shekara da shekaru aka yi ana shigo mana da dizal mai sulfa har 3,000 cikin miliyan. Ga ƙurar hunturu da ke toshe iyakilina, wato matatar iskar inji, ga tsayuwar cunkoso inji na kunne, ga baƙin man juye na bakin titi.

Gwajin ma ba wuya. A saka kwamfuta: lambar matsala P0401 na nufin hayaƙin ba ya wucewa yadda ya kamata, P0402 kuwa ya yi yawa, galibi bawul ya maƙale a buɗe. Mintuna kaɗan ne, amma sai a tsallake a tura mutum sayen nozul huɗu masu fesa wa inji mai!

Gyaran gaskiya shi ne a bar inji ya huce, a kwance bawul da manifol da kular EGR mai sanyaya hayaƙin da ruwan lagireto, a kankare da katako ko roba, a wanke da maganin wankin kafireto. Kada a jiƙa ɓangaren lantarkin bawul, yana iya mutuwa. A toshe ramukan kan silinda da tsumma mai tsabta, domin guntun kabon ɗaya in ya faɗa ciki yana iya hana bawul ɗin silinda rufewa. A sa sabon gasket, ba tsohon da aka shafe da gam ba. In ruwan lagireto na raguwa kuma ga farin hayaki, a gwada kular, ta yiwu ta huje. A ƙarshe a share lambar da kwamfuta, a sake saita bawul in motar na buƙata.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne masu yanko gwangwani su toshe hanyar gaba ɗaya, su karɓi kuɗin gyara. Fitilar gargaɗi ta kama, wata motar ma kwamfutarta ta rage mata ƙarfi, gubar NOx kuma ta tafi hancin mai talla da ɗan makaranta a bakin titi. Su kuma masu fesa magani ta bututun iska inji na kunne, kabon da ya shekara biyar yana daskarewa ba feshi ke cire shi ba. Kuma in nozul na zubar da mai ko tobo na yoyon baƙin mai ba a duba ba, ko an wanke tas, cikin 'yan watanni kwaɓin zai dawo.