Kafin a Ce wa Majinyaci Ya Kula da Kansa, a Ba Shi Kayan Aiki

A cikin shekara guda akwai sa'o'i 8,760. Mai ciwon suga ko hawan jini, ko da a ƙasar da asibiti ke bakin ƙofarsa yake, da kyar zai yi 'yan sa'o'i ƙalilan daga cikinsu a gaban likita ko ma'aikaciyar jinya. Sauran lokacin duk shi kaɗai ne da ciwonsa, sai kuma iyalinsa. Shi zai tuna da shan magani, shi zai lura ƙafarsa ta kumbura, shi zai yanke shawara cikin dare ko wannan jirin na a kwanta ne ko na a nemi mota. Don haka duk wanda ke maganar kula da kai kamar wani sabon abu da za a shigo da shi cikin kiwon lafiya, ya makara. Tun fil azal mafi yawan jinya a gida ake yin ta. Abin da ya rage a tattauna shi ne ko hukumomi za su tsaya bayan wannan aikin da mutane ke yi, ko za su ci gaba da kawar da kai har sai ya lalace sannan a kawo musu majinyacin ranga-ranga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fassara kula da kai da cewa ikon da mutum da iyali da al'umma suke da shi na inganta lafiya, da kare kai daga cuta, da jure rashin lafiya ko nakasa, ko da taimakon ma'aikacin lafiya ko ba da shi ba. A 2019 ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan lamarin, ta fara da lafiyar haihuwa, daga baya ta faɗaɗa. Amma tunanin ya girmi 2019. A taron birnin Alma-Ata da ke Kazakhstan na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, an rubuta cewa jama'a suna da haƙƙi kuma suna da nauyin shiga cikin tsara kiwon lafiyarsu. Aka sake jaddadawa a Astana a 2018. Rubutu dai an yi shi. A kasafin kuɗi ne ba a cika ganinsa ba.

Wanda ke shakkar abin da talaka zai iya yi da hannunsa ya duba tarihin ruwan gishiri da suga. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya. Ruwan ƙari na jijiya ya ƙare, ma'aikata ba su isa ba. Sai wani likita, Dilip Mahalanabis, ya haɗa gishiri da suga a ganguna, ya sa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su suna sha. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4 a cikin waɗanda aka yi wa haka. Bayan 'yan shekaru BRAC, wata ƙungiya mai zaman kanta a Bangladesh, ta ɗauki abin ta shiga da shi gida-gida. Daga 1980 zuwa 1990 mata ma'aikatanta sun koya wa iyaye mata kimanin miliyan 12 yadda ake haɗa ruwan.

A nan nake so mai karatu ya tsaya, domin darasin yana cikin yadda aka yi koyarwar. Ba sanarwa aka yi a rediyo aka koma ofis ba. An zauna da kowace uwa, aka sa ta haɗa da hannunta a gaban mai koyarwa. Bayan wani lokaci masu sa ido su dawo su tambaye ta abin da ta riƙe, su ɗebi ruwan da ta haɗa a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsa, domin idan ya yi yawa yana iya cutar da yaro. Har ladan mai koyarwa an ɗaura shi a kan yadda iyayen da ta koyar suka gane. Wato an kashe kuɗi, an horar da mutane, an bi diddigi. Yaran da gudawa ke kashewa a duniya sun haura miliyan 4 a shekara a wajajen 1980, yau sun dawo kusan rabin miliyan, kuma wannan ruwan yana cikin manyan dalilai. Uwa ce ta ceci ɗanta, babu shakka, amma akwai tsari a bayanta.

Buƙatar irin wannan tsari ta ƙara ƙarfi yanzu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2023 ya nuna mutane kusan biliyan 4.5, fiye da rabin jama'ar duniya, ba sa samun cikakkiyar kulawar lafiya ta dole. Hukumar ta kuma yi hasashen duniya za ta yi gibin ma'aikatan lafiya sama da miliyan 10 zuwa 2030, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ga shi cututtukan da ba a ɗauka, irin su ciwon zuciya da suga da daji, su ke da kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya. Waɗannan ba cututtukan da ake yi wa allura uku a sallami mutum ba ne, da su ake tsufa.

Ɗauki hawan jini. Manya fiye da biliyan ɗaya ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A Ingila an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2010, inda aka ba wasu majinyata na'urar awon jini suka tafi da ita gida. An koya musu awo, likita ya rubuta musu tun farko matakin da za su ƙara magani idan awon ya ci gaba da hawa, aka kuma nuna musu iyakar da idan jini ya kai sai a tuntuɓi asibiti. Bayan shekara guda jininsu ya fi na waɗanda aka bari a kan tsohon tsari sauka da kusan maki 5. A idon wanda ba likita ba wannan kaɗan ne, amma idan aka baza shi a kan miliyoyin mutane, shanyewar ɓarin jiki da yawa ce aka kauce wa. Sai dai a lura, bincike-bincike da suka biyo baya sun nuna cewa miƙa wa mutum na'ura kawai, ba koyarwa ba mai bibiya, ba ya tsinana wani abin kirki.

Akwai kuma wuraren da kunya ko tsoron bakin mutane ke hana zuwa asibiti, kuma a ganina nan ne kula da kai ya fi nuna amfaninsa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mutum ya gwada kansa ya san ko yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma ta haka aka kai ga maza da matasa da yawa da ba su taɓa yarda an gwada su ba. Sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 350,000 a 2022, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, alhali mace za ta iya ɗaukar samfurin gwajin da kanta a keɓe ta miƙa. A Malawi an gwada barin mata su yi wa kansu allurar tazarar haihuwa. Bayan shekara, kashi 73 cikin ɗari na masu yi da kansu suna nan a kai, a cikin waɗanda ma'aikatan lafiya ke yi wa allurar kuwa kashi 45 ne kawai. 

To amma ba zan ɓoye damuwata ba, domin kalmar nan tana da haɗari a bakin ɗan siyasa. Gwamnatin da ta kasa biyan ma'aikata, ta kasa zuba magani a ƙananan asibitoci, abu ne mai sauƙi ta tashi ta ce ai zamani ya zo da kowa zai kula da kansa. Idan aka yi haka, abin da aka yi shi ne an sauke kaya daga kan hukuma an aza wa wanda ya fi kowa rauni. Kuɗin na'ura da tsinken gwajin suga ya koma aljihun majinyaci. Wahalar jinya ta koma kan mata da 'yan mata, waɗanda dama su ke yin mafi yawanta ba a biyansu. Mai ilimi da waya da intanet ya ci gaba, wanda bai iya karanta takardar da ke cikin kwalin magani ba a bar shi a baya. Rahoton Wanless da aka yi wa gwamnatin Birtaniya a 2002 ya ce za a rage kashe kuɗi idan jama'a suka shiga harkar lafiyarsu sosai, amma rahoton nan ɗin ya nemi a ƙara wa hukumar lafiyar ƙasar kuɗi masu yawa. Masu son rabin farko su riƙa karantawa har ƙarshe.

Sannan kula da kai daban, shan magani barkatai daban, kuma abin da ke raba su siriri ne. Wanda ya ji zazzaɓi ya sayi ƙwayoyi biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta ya haɗiya, shi ma a ganinsa kula da kansa yake yi. Bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutane kusan miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma irin wannan shan yana cikin abin da ke rura ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Ta yaya za ka ce wa mutum ya yi wa kansa jinya alhali ba ka tabbatar masa abin da ke cikin kwalbar ba? Tsaftace kasuwar magani aikin hukuma ne, babu mai iya yi daga ɗakinsa.

Ma'aikatan lafiya da yawa ba sa sakin jiki da wannan batu, kuma ina fahimtarsu, domin su ke karɓar wanda ya zauna a gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. Sai dai maganin wannan shi ne a mayar da koyarwa wani ɓangare na aikinsu, a ba su lokacinta, a biya su a kanta. Minti goma da ma'aikaciyar jinya za ta yi tana nuna wa sabon mai ciwon suga alamomin faɗuwar suga da abin da zai yi nan take, ba a rubuta shi a rajistar asibiti a matsayin aiki, shi ya sa idan layi ya yi tsawo shi ake fara yankewa. Ya kamata inshorar lafiya da shirye-shiryen gwamnati su ɗauki nauyin na'urar awo da tsinken gwaji kamar yadda suke ɗaukar kuɗin kwanciya, tunda su ne ke hana kwanciyar. Bayanin magani kuma a yi shi da harshen da mutum ke ji, da hoto da murya ga wanda bai yi karatu ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ƙofar dawowa. Wanda ya gwada kansa ya ga alamar yana ɗauke da ƙanjamau, dole ya san inda zai je gobe a tabbatar masa a ɗora shi a kan magani. Matar da samfurinta ya nuna matsala tana buƙatar asibitin da zai duba ta ya yi mata aiki kafin abin ya zama daji. Mai juna biyu da ta auna jininta a gida ta ga ya hau, ga ciwon kai da dishi-dishin ido, tana buƙatar lambar da za ta kira a ɗauka, da motar da za ta zo. Ƙasar da ta raba kayan gwaji miliyan guda ba ta tanadi waɗannan ba, ta ƙara wa mutane miliyan guda sanin ciwonsu ne ta bar su da fargaba, kuma ma'aikatar lafiyarta za ta rubuta hakan a rahoton shekara a matsayin nasara.